Ba Kowane Mai Sallama Ne Mai Saye Ba

A Abare ta ƙaramar hukumar Anka, sayar da gida ba ya buƙatar talla. Ka faɗa wa dillali da hantsi, kafin la'asar mai shayi ya san farashi, har ya yi maka ragi. Aikin shi ne wa za a bari ya wuce zaure, tunda kowane mai dubawa sai an kwashe mata zuwa maƙwabta.

Akwai ɗan kallo: ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rumbu, ya shanye fura, ya ce zai shawarci yayansa na Gusau. Shi ke nan, sai a lahira.

Akwai wanda ƙasar tsakar gida kawai yake murzawa a tafin hannu. Tambaye shi: zinari yake nema ko dalma yake gudu? Tun 2010, da gubar dalma ta kashe yara, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, mai gudun dalma haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiya.

Sai baƙon da ba ruwansa da ɗakuna, shanu yake ƙirgawa yana tambayar ƙofar baya. Shi a zaure ake sallamarsa, da fara'a mai yawa.

Dattawa sun sauƙaƙa: wanda mai unguwa ya san ubansa, ya shiga. Sai dai wanda aka san ubansa, shi ma ya san naka. Da ka faɗi kuɗi zai ce, "Haba Kawu, tsakaninmu? A ɗaga mini zuwa kaka."