Tafiyar Mutum Ɗaya, Kayan Gari Guda

Tafiyar mutum ɗaya, wato fita zuwa wata ƙasa ba ayari ba ɗan rakiya, baƙuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma baƙuncinta ya fi fitowa fili a garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, inda ko cin kasuwar Jega mutum zai je sai an so a ji da wa zai tafi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 a ƙarƙashin madugu suke tafiya, mahajjatan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya kuwa sukan yi shekaru a hanya tare da iyalansu, har wasunsu suka zaune a Sudan. Saboda haka, duk ranar da wani saurayi ko magidanci ya ƙudura zuwa Alƙahira karatu, ko Indiya neman magani, ko ƙasar Sin saro kaya, shi kaɗai, jama'a sukan ɗauki lamarin a matsayin kuskuren da ya wajaba a gyara, kuma ba sa ƙasa a gwiwa wajen gyara shi.

Matakin farko na shiri shi ne ɓoyewa, domin ƙa'idar da aka gada ita ce tafiyar da aka faɗa kafin lokacinta baki yakan kama ta, baki kuwa a nan shi ne illar da yawan ambaton mutane ke jawo wa abin da bai tabbata ba. Matafiyi yakan sanar da mahaifiyarsa kaɗai, bisa sharaɗin kada kowa ya ji. Ita kuma, saboda nauyin amanar, takan raba ta da ƙanwarta da ke aure a Dogon Daji domin a taya ta addu'a, ƙanwar kuma ta aika wa wani malami a Kuchi da sadaka haɗe da cikakken bayani, tunda roƙo ya fi kama hanya idan an ambaci suna da ƙasa da rana. Kafin mako ya zagayo tela ya sani, domin ba a ɗinka kaftani huɗu lokaci guda ba salla ba biki, ɗan kabu-kabun da ya kai shi tasha sau uku da ambulan a hammata shi ma ya sani. Abin da ya sa wannan sirri ya cancanci nazari shi ne, duk garin ne ke tsaronsa: a majalisa, wato dandalin hirar maza na ƙofar gida, babu mai tayar da zancen a gaban mai shi, sai dai wani dattijo ya dubi sama ya ce, "Wai an ce bana sanyin Masar ya yi tsanani," shi kuma matafiyin ya amsa da cewa Allah ya kawo musu sauƙi.

Daga nan sai neman fasfo, wanda ke buƙatar bin titin da ya ratsa Shagari da Bodinga zuwa ofishin Hukumar Shige da Fice a Sakkwato. Tun daga watan Satumba na 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000, kuma matafiyin da tafiyarsa ta mako biyu ce yakan yi sha'awar babban, saboda kada shafuka su ƙare masa a tsakiyar duniya. Amma kuɗin ba su ne jarrabawar ba. Ana buƙatar lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ake kira NIN, kuma dole bayananta su dace da sauran takardu, a nan ne mutum kan gano cewa sau uku aka haife shi: sau ɗaya a takardar firamare, inda hedimasta ya ƙiyasta shekarunsa da ido, sau ɗaya a banki, sau ɗaya kuma ranar da ya nemi aikin gwamnati ya rage shekara huɗu don gudun ritayar wuri. Sau da yawa biyu daga cikin haihuwar nan sukan faɗo ranar 1 ga Janairu. Mahaifiyarsa, wadda ita kaɗai ce shaidar gani da ido, iyakar abin da take iya tabbatarwa shi ne an haife shi da kaka, shekarar da gero ya yi kyau, kuma kwamfuta ba ta da gurbin wannan bayani. A ƙarshe kotu ce kan raba gardama da takardar rantsuwa, sannan a zaunar da shi gaban kyamara a ce ya cire hula, ta yadda hoton da zai wakilce shi a duniya shekara goma shi ne na kan da maƙwabtansa ba su taɓa gani ba.

Biza, wato izinin shiga da ƙasar da za a je take bayarwa, takan buƙaci takardar banki mai nuna cewa mai nema yana da abin hannu, lamarin da ya haifar da wani nau'in zumunci na zamani, inda kawu da suruki da abokin kasuwanci kan tura kuɗi su kwana a asusunsa, su koma gida da zarar an buga takarda. Akwai kuma dillalin biza, wanda ba a san ofishinsa ba sai lambar wayarsa, kuma amsarsa ɗaya ce rani da damina: an kusa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kowace majalisa ta samu masanin canji, galibi wanda bai taɓa riƙe dala ba, mai ba da shawarar a jira ta sauko. Idan aka gaji da jira aka saya da tsada, uwargida takan ɗinke kuɗin a ƙugun wando da zare ninki biyu, dabarar da ke hana ɓarawo, ta kuma hana mai kuɗin sayen ruwan sha a filin jirgi sai ya nemi makewayi da reza, wadda ita ma an karɓe ta a wurin bincike.

Nasiha ba ta yanke wa matafiyi, kuma mafi tsawonta takan fito daga waɗanda iyakar fitarsu Birnin Ƙonni ta hanyar Illela. A cikin tarin akwai ta gaskiya, kamar yin allurar shawara da riƙe katinta mai ruwan ɗorawa, da gargaɗin da hukumar alhazai ke nanatawa cewa kada a shiga Saudiyya da goro, sai dai su ne ake saurin mantawa, a riƙe wadda ta ce kada ya ci naman da bai ga wanda ya yanka ba, kada kuma ya yi barci a jirgi don kar a wuce da shi.

Inda jama'a suka fi nuna gwaninta shi ne haɗa kaya, kuma nan ne tafiyar mutum ɗaya take komawa ayari. Guzuri, wato abincin hanya, ana tanadarsa ne bisa imanin cewa a ƙasashen waje yunwa ake yi: kilishi, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da kuka, da daddawar da aka naɗe cikin leda bakwai amma take sanar da kanta tun daga zaure, da kwalbar man shanu, da albasar Aliero kaɗan don kada a raina ta. Bayanin cewa kamfanonin jirage da yawa kilo 23 suke yarda a zuba a jaka ɗaya, cewa ruwa-ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu, cewa Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shigar da nama, duk ba ya girgiza gwaggo, wadda hujjarta ita ce, "Ɗana, kilishi ba nama ba ne, ai ya bushe." Sai kuma saƙonni, domin kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a waje, kuma a taswirar majalisa duk ƙasar waje unguwa ɗaya ce, saboda haka mai zuwa Alƙahira akan ba shi ƙullin yaji ya miƙa wa wani ɗalibi a Malesiya idan ya samu sarari da yamma. Akan kai jakar wurin mai sayen hatsi a ɗora a sikeli, allura ta wuce arba'in, a yi shiru, sannan a fara ragewa, kuma abin da ake fara cirewa shi ne tufafin matafiyin, tunda su kaɗai ne ba su da mai yin fushi. Rigar sanyin da ya saya a gwanjo, wadda ya gwada a ɗaki cikin zafin Afrilu har ya jiƙe sharkaf, dole ya sa ta a jiki, sauran kaya kuma a ɗure a Gana-mas-go, jakar da ta samo sunanta daga korar baƙi ta 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda ta garinsu za a wuce da ita.

Ranar tashi, mutumin da zai yi tafiya shi kaɗai yakan bar Tambuwal a mota uku zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III, ana ta "Allah shi kai ka lahiya," kuma kafin ya gama cire takalmi a wurin bincike ƙaninsa ya riga ya ɗora hotonsa a Facebook, sirrin wata shida ya cika da daraja.

Saura sallahu, wato kuɗin da ake ba matafiyi ya sayo wa mutum wani abu, da tsaraba, wadda ita kyauta ce ta dole. Mai ba da sallahu yakan miƙa naira dubu biyar ya nemi agogo da turare da jallabiya, ya ƙara da cewa idan canji ya ragu a sayo wa yara alawa, mai jiran tsaraba kuwa ba ya ba da komai sai addu'a, don haka bashinsa ya fi wuyar biya. Gogaggun matafiya sun warware wannan matsala tun kafin su tashi: sukan shiga babbar kasuwar Sakkwato su sayi dabino da carbi da hula da turare gwargwadon yawan dangi, su ɓamɓare takardar farashi, su ajiye a gidan wani amini a birni, idan sun dawo su biya su ɗauka. Masu karɓa sukan juya carbin a hannu, su yaba da cewa irin wannan ba a samunsa a nan, duk da cewa wasunsu sun ga lokacin da ake cinikinsa.