Taliya Ta Je Ganin Gida

Hajiya, in kin tashi daga Sukuntuni zuwa Italiya, gidan kakannin taliya za ki, don daga sunan ƙasar muka samo sunanta. Su fa ba sa karya ta kafin a zuba a tukunya, kuma da sauran ƙarfinta suke saukewa. A nan in amarya ta yi haka, har uwar miji sai ta ji labari. Manja da yaji kuwa, kada ma ki tambaya, ƙulla yajinki a bakin zani. A cocin Fatikan sai an rufe kafaɗa da gwiwa, nan mayafinki ya gama magana. Ki dai guji 15 ga Agusta, ranar Ferragosto: mutanen Roma sun tsere bakin teku, shaguna da yawa a kulle, kasuwar Kankiya ma ta fi armashi.