Likitocin Kifin Gilashi

Da zarar hunturu ya kankama a Kano, ruwan akwatin gilashi ya yi sanyi, sai ka ga kifin ado yana goga jikinsa da duwatsu, fararen ɗigo-ɗigo kamar barbaɗin gishiri sun feso masa har jela. Ƙwayar cuta ce da masana ke kira Ich. Daga ofisoshin 'yan canji na Wapa zuwa otal-otal ɗin Sabon Gari, ɗaya daga cikin magungunan da ake ambata shi ne na jan ƙarfe, shuɗin ruwan nan na ƙaramar kwalba. Maganin yana ci, masu ba da shi ne abin kallo.

Akwai Alhaji Mai Hannun Kyauta. A Kantin Kwari ya saba yi wa mai sayen shadda gyara, don haka bai ga dalilin yi wa kifinsa rowa ba. Abin da ake bukata bai wuce miligiram 0.15 zuwa 0.2 na jan ƙarfe a kowace litar ruwa ba, kuma tsakanin warkewa da kisa tazarar ƙanƙanuwa ce. Shi kuwa da ido yake awo. "Ƙara masa, yaro, ba talauci muke ba!" Kafin asuba kifin ya juya ciki sama, yaron shago kuma ya sha faɗa har azahar.

Sai Malam Gaggawa, wanda na fi tausaya wa, domin ya kusa yin daidai. Kwana uku ɗigon ya ɓace, ya yi hamdala, ya rufe kwalba. Abin da bai sani ba, muddin ƙwayar tana lafe a ƙarƙashin fatar kifi, magani ba ya taɓa ta. Ɓacewar da ya gani sauka ta yi ƙasan akwati, ta lulluɓe kanta, tana rarrabuwa ɗaruruwa. Sai 'ya'yan sun fito iyo neman kifi sannan jan ƙarfe ke kashe su, shi ya sa ake ci gaba da magani kamar mako biyu. Bayan 'yan kwanaki Malam zai dawo yana rantsuwa cewa wata sabuwar cuta ce ta shigo gari.

Na uku ɗan tsumulmula ne. Ya ji an ce jan ƙarfe, sai ya fere tsohuwar wayar lantarki ya jefa cikin ruwa, ya ƙara da tsohon kwabo. Nawa ne ya narke? Allah masani.

Akwai kuma Sarkin Ƙara, mai tashi takanas zuwa kasuwar Sabon Gari ya tara wa mai kanti jama'a, wai an sayar masa da jabu. Alhali gawayin da ke cikin matatar ruwansa ne ke zuƙe maganin tun bai zaga akwatin ba. Ka ce masa ya cire gawayin, ya ce da kuɗinsa ya saya.

Hajiya kuwa akwatinta aljannar duniya ne: ga dodon koɗi, ga jatan lande, ga 'yar tarwaɗa tana shawagi. Jan ƙarfe ba ya barin dodon koɗi da jatan lande da rai, kifi marar ɓawo irin tarwaɗa ma da ƙyar yake jure shi. Da aka wayi gari da gawawwaki, nan take ta gano mai laifi: maƙwabciyar da ta shigo jiya ta yaba kifin ba ta ce tubarkalla ba. Kambun baka ne, ba a ja da ita.

Kai mai karatu, in kifinka ya fara soshe-soshe, ware shi a wani akwati daban marar duwatsu, ka cire gawayi, ka sayi abin gwada jan ƙarfe tare da maganin, ka bar yaron shago ya huta.