Ire-iren Masu Haɗa DVR da Intanet

Na'urar DVR, wadda ke adana hotunan kyamarorin tsaro, ba ta aika hoto zuwa waya sai an jona ta da rauta, an ba ta adireshin IP, sannan an haɗa ta da manhaja irin Hik-Connect ta Hikvision ko DMSS ta Dahua. Aikin ba ya cin lokaci. Mutanen da ke tsaye a kansa ne ke mayar da shi na mako guda.

Akwai mai barin DHCP a kunne. Zai buɗe ƙofofi a rauta, 80 da 8000 da 554 idan Hikvision ce, hoto ya fito tas, ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Da dare a ɗauke wuta, rauta ta dawo ta raba sababbin adireshi, ƙofofin su ci gaba da nuni inda DVR ta riga ta tashi. In an kira shi amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, matsalar sabis ce." Da ya kafe adireshin tun farko da an huta.

Ɗan gargajiya ya fi shi ilimi, ya kuma fi shi taurin kai. Shi sai buɗe ƙofa da rajistar suna a No-IP, ko da rautar mai layin waya ce. Kamfanonin waya kuwa sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshin waje guda, tsarin da ake kira CGNAT, don haka aikinsa tamkar buɗe ƙofar ɗaki ne alhali makullin ƙofar gida yana aljihun wani. Zai wuni yana gumi, yana canza lambobi, yana kashe rauta yana kunnawa, har ya fara zargin kebul. Can sai yaron shago ya kunna P2P, ya haska lambar QR da wayarsa, hoto ya bayyana. Ɗan gargajiya zai taɓe baki ya ce wannan ai ba aikin masana ba ne.

Tsofaffin na'urorin Hikvision sun zo da sunan shiga admin da lambar sirri 12345, kuma akwai wanda ya riƙe su amana har yau. Irin wannan sakaci ne manhajar ɓarna ta Mirai ta samu a 2016, ta kame kyamarori da DVR masu lambar sirrin kamfani ta kai hari da su. Sababbin na'urori suna tilasta a ƙirƙiri lamba, shi ya sa yanzu yake rubuta ta a takarda ya manna a jikin DVR.

Mafi haɗari shi ne mai haɗa na'urar da asusunsa na kansa. A Hik-Connect asusu ɗaya ne ke mallakar na'ura, sauran sai dai a raba musu. Ranar da mai shago ya canza waya, sai a tarar mai sakawa ya canza layi, ya koma Abuja.

Shi kansa Alhaji nau'i ne. Yana Makka wajen Umara, idonsa na Kantin Kwari. Ba ya yarda da ƙaramin hoto mai tattalin data, sai babba, don ya gane fuska. Zai kira yaro daga Saudiyya: "Kai, wa ke zaune a kan dilar shadda?" Kafin la'asar data ta ƙare, laifin kuma ya koma kan mai sakawa.

Mai tattali kuwa yakan kashe soket in zai rufe shago, kada batirin sola ya sauka. Rauta da DVR duk a soket ɗin suke, saboda haka daga magariba zuwa safiya babu hoto a waya, babu kuma a faifai.