Ajiyar Ko-ta-kwana a Ƙarƙashin Gadon Bahaushen Kurmi

Ajiyar ko-ta-kwana, wato abincin da magidanci ke killacewa domin ranar da kasuwa ta ƙi ci ko hanya ta toshe, tsohuwar ɗabi'a ce a ƙasar Hausa, inda rumbu ya daɗe yana rufa wa masu gida asiri. Sai dai Bahaushen da ke haya a Diyobu ta Fatakwal, ko kewayen titin Bida a Anacha, ko Ama Hausa ta Inugu, ba shi da filin kafa rumbu, don haka nasa rumbun ya koma ƙarƙashin gado, inda buhun shinkafa ke maƙwabtaka da tsofaffin takalma da akwatin lefen uwargida.

Dalilan yin ajiyar ba ɓoyayyu ba ne. Kullen korona na 2020 ya rufe kasuwanni, a ƙarshen Fabrairun 2021 dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, sannan daga 9 ga Agustan 2021 ƙungiyar IPOB ta ƙaƙaba zaman gida na kowace Litinin, wanda ya fi tsanani a garuruwa irin su Anacha da Inugu. A Oktoban 2022 ambaliya ta datse hanyar Lokoja, farkon 2023 kuma takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo. Abin mamakin shi ne, mutanen da ke sauke tirelolin wake da albasa suna ciyar da waɗannan birane, su ne kuma ake gani da hantsin Litinin suna aika yaro gidan maƙwabta neman aron magi biyu.

A takarda, tsarin ajiyar mai sauƙi ne ko ga mai ƙaramin ƙarfi, domin ba a bukatar sayen buhu a tashi ɗaya. Duk ranar cefane a ƙara awo ɗaya, ko da rabin fenti ne, wato robar fentin nan da ta zama mudun kasuwannin Kudu, a fifita abin da ba ya saurin lalacewa, kamar garin kwaki, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gishiri da manja, a kuma riƙa cin tsohon kafin a taɓa sabon. Matsalar farko ita ce laima, domin ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma garin masarar da zai daɗe lafiya a Katsina yakan yi fumfuna a nan kafin mai shi ya gama biyan bashinsa. Maganin ƙwaron wake shi ne a hana shi iska, ta hanyar cika busasshiyar jarka taf a toshe bakinta, ko amfani da buhun PICS mai rufi uku wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Mai yayyafa wa wake Sniper kuwa ya ɗauki hanyar kashe ƙwaro da mai gidan a lokaci guda.

Amma ƙwaro mai fukafukai shi ne mafi sauƙin abokan gabar ajiya, tun da ba ya sallama kuma ba a jin kunyarsa. Mafi haɗari shi ne ɗan garinmu, wato baƙon da ke saukowa daga saman tirela da 'yar leda a hannu, yana mai bayyana cewa kwana biyu kawai zai yi kafin ya samu abin yi, wanda kuma akan tarar da shi bayan watanni yana ba da shawarar a rage gishirin miya. Biye da shi akwai maƙwabciya mai kaifin ido, wadda ke shigowa gaisuwa ta zauna a bakin gado, diddigenta ya daki jarka, ta ce, "Ashe Maman Abba an yi tanadi, Allah ya ƙara rufa asiri," kuma kafin la'asar 'yarta ta iso da kwano da alkawarin za a dawo da shi ranar Juma'a, ba tare da an ambaci watan ba. Hana irin wannan aro yana nufin sunan gidan ya shiga kundin marowata har a can gida Arewa, domin labari yana riga motar dare isa Kano.

Sai kuma shi kansa maigida, wanda ya kafa dokar cewa ba a taɓa ajiya sai ta ɓaci, amma ya riƙe wa kansa ikon fassara dokar. A fassararsa, sunan ɗan abokin kasuwanci larura ce, zuwan surukai larura ce, haka ma daren da ya yi marmarin shinkafa da wake da mai da yaji. Shi ne kuma bayan sallar isha'i yake shaida wa majalisa cewa ko wata guda za a yi ana kulle, gidansa ba zai girgiza ba, abin da 'yan majalisar ke ɗauka a matsayin katin gayyata, ta yadda Litinin ɗin farko sukan zo duba lafiyarsa daidai lokacin da ake sauke tukunya.

Lura da gidajen waɗannan unguwanni ta nuna cewa ajiyar da ke kai ranar bukata iri ɗaya ce tak, wato wadda uwargida ta ɗura a jarkar da aka rubuta wa kananzir a jiki, ta tura ta bayan sif, kuma har yau maigidan bai san da ita ba.