Buhun Shinkafa a Gidan Makoki

Cikin azumi na sauka Tamanrasat, wajen wani ɗan'uwana da ke ɗinki a unguwar Tahaggart. Garin yana gindin duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 400 arewa da In Gezzam, amma in ka shiga kasuwarsa za ka ji Hausa tana tashi tsakanin Larabci da Buzanci, daga bakin mutanen Agadas da Damagaram. Kwana uku da zuwana, bayan asham, ɗan maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Kawu, ku zo ku ga wasanmu."

Su tara ne, ɗalibai masu koyon wasan kwaikwayo. Babu dandamali, babu labule. Tabarmi suka shimfiɗa a tsakar gida, muka zagaye su, irin zaman da suke kira halƙa. Malaminsu ya ce salon Abdulƙadir Allula ne, mutumin Wahran da ya sa mai shara da lebura suka yi magana a cikin wasanninsa. Ya ambaci sunan a hankali, kamar mai ambaton mahaifi. An harbi Allula ranar 10 ga Maris 1994, shi ma cikin azumi, ya cika bayan kwana huɗu a asibiti a Faris. Shekara ba ta zagayo ba aka kashe Izzuddin Majubi a bakin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Aljiyas, wanda yake shugabanta.

Na tambaye shi ko a kan waɗannan shekarun baƙin ciki wasan yake. Ya ce dokar sulhu ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara uku zuwa biyar ga wanda aka ce ya fama wannan gyambo don ɓata sunan hukuma. "Shi ya sa garin da ke cikin wasanmu ba shi da suna," in ji shi. Sai na tuna tashe a wajenmu, inda yara ke manna gemun auduga su faɗa wa manya abin da ba ya faɗuwa da rana.

Ga yadda wasan yake. An kashe wani yaro ranar gangamin siyasa, ana zaman makoki. Mai Gida ya iso a makare, da maroƙa, da mai ɗaukar hoto, da buhun shinkafa mai ɗauke da fuskarsa. Ya ciro hankici da albasa a ciki ya yi kuka. Mai hoto ya ce bai kama ba, a sake. Ya sake. Nan kowa ya kwashe da dariya, har da ni.

Da ya zo yi wa mamacin addu'a sai suna ya ɓace masa. Ya kira wani suna. Wata mace ta miƙe daga cikinmu ta ce, "Wannan nawa ne, bara aka binne shi." Ya kira wani. Wata ta miƙe. Sai da mata huɗu suka tsaya a tsaye, bai dace da sunan wanda ke kwance ba. Dariyar mutane ta yi ta raguwa har na soma jin tafasar shayi a kan gawayi. Daga nan Mai Gida ya yafito ƙanen mamacin, ya taɓa damtsensa, ya miƙa masa gorar wansa da hular jam'iyya. Uwar kuwa, da yake babu ko ƙwaya a gidan, ta kwance bakin buhun. Kafin ta ɗiba, ta juya fuskar da ke jikinsa ta kalli bango.

Wannan juya buhu ya tsaya mini a rai, domin na san wani zaure a layinmu da irin buhun nan ya shiga, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar.

A gefena akwai wani Alhaji ɗan garinmu da ya zo sarin dabino. A gida an san shi da "yana da yara," kuma duk kakar zaɓe ƙofar gidansa ba ta rabuwa da babura. Shi kaɗai dariyarsa ba ta ragu ba, har hularsa ta faɗi. Ya dafa ni ya ce, "Malam, mutanen ƙasar nan sun sha wuya. Allah Ya raba mu da irin shugabanninsu." Ban iya cewa amin ba. Na so in yi magana, nauyin baki ya hana ni, kuma har yau abin yana cina.

Da aka tashi ya sa aka kira masa yaron da ya fito a matsayin ƙanen. Yaron ya zo da gorar a hannu, ya rusuna ya gaishe shi da Hausa garau. Uwarsa 'yar Kance ce, yankin da akasarin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada cikin Oktoban 2013 suka fito, a hanyarsu ta zuwa wannan ƙasa. Alhaji ya tambayi sunansa, ya faɗa masa.

"Ka iya riƙe gora, samari," in ji Alhaji, yana cusa masa kuɗi. "In zaɓe ya matso ka gangaro ka neme ni. Ba za ka yi nadama ba."

Yaron ya dubi kuɗin, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, wa na ce maka sunana?"

Alhaji ya buɗe baki, ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Yaron ya ɗan jira, sannan ya taka zuwa tsakiyar tabarma, ya ajiye kuɗin a kan buhun, ya jingine gorar a gefensa, ya tafi taya 'yan'uwansa naɗe tabarmi.