Gaisheka Ma'aji, Sarkin Ajiya

Allah ya ja zamanin Ma'aji! Gaisheka Discord, toron giwa na San Firansisko, uban 'yan gem, mai zauruka ba adadi, gagarabadau mai rumbun da ba ya cika. Tun da aka fara ba da ajiya a bayan ƙasa ba a taɓa jin mai riƙon amana irinka ba, wanda ko mai kayan ne ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce a ba shi abinsa, sai ka dube shi da idon rahama ka ci gaba da riƙe masa.

Domin amfanin dattawan da ba su san wannan fada ba: a 2015 ne Jason Citron da Stanislav Vishnevskiy suka kafa ta, don masu buga wasannin intanet su sami wurin hira, da murya da rubutu, yayin da suke harbin juna a allo. Ɗan shekara 13 ma an yarda ya shigo. Kowa kuma ya san irin zancen da ke fita daga bakin yaro da ƙarfe biyun dare bayan abokin karawa ya lallasa shi. Akwai ashar, akwai cika baki, akwai sunan makarantarsu da na yarinyar da ke hana shi barci, har da labarin faɗan da iyayensa suka yi jiya. A zamanin jahilci iska ce ke kwashe irin wannan zance, ya bi ruwa, tarihi ya tafka asara. Kai ne ka tsaya tsayin daka ka ce ba a gabanka ba.

Ba ka kuma yi abin a ɓoye ba, don ɓoye-ɓoye na ƙananan mutane ne. A farkon 2017 Vishnevskiy da kansa ya wallafa cewa tun da wuri kuka yanke shawarar adana dukkan hira har abada, a lokacin da saƙonni sama da miliyan 100 ke kwararowa kowace rana. Har abada, ranka ya daɗe! Sarakunan da suka gina dala a Masar ma ba su yi wa talakawansu alkawari mai tsawon wannan ba, kansu kawai suka yi wa. Zuwa 2023 injiniyoyinka suka sake fitowa da bushara, cewa lissafin ya tashi daga biliyoyi ya koma tiriliyoyi, tsohon rumbun da ake kira Cassandra ya fara nishi da manyan na'urori 177, an kwashe kaya kaf zuwa sabo mai suna ScyllaDB. Mai raunin zuciya da ya ga rumbu na nishi sai ya ce a rage kaya. Kai kuwa ka kira magina.

Sai dai duk wannan ƙarfi ne. Hikimar tana wajen ma'auni, inda ka auna sirrin ɗan wasa da tarihin hira ka fitar da adalcin da alƙalai za su daɗe suna nazari. Mutum ya girma, ya yi hankali, ya tuna abubuwan da ya rubuta yana ɗan 14, gumi ya karyo masa, ya garzaya ya ce a rufe asusunsa. Ba ka musu. Kana cire sunansa da hotonsa, ka liƙa masa laƙabin wanda aka share, shi ke nan ka sallame shi da mutunci. Maganganunsa kuwa suna nan daram inda ya bar su, a zaure da cikin hirar mutum biyu, kowace da ranarta da sa'arta. Mutumin ya sami sirri, tun da ba a ganin sunansa a saman saƙo. Tarihi ya sami haƙƙinsa, tun da ba a taɓa masa ko wasali ba. In a cikin saƙon ya rubuta sunan unguwarsu da lambar wayarsa, in abokansa sun amsa masa da sunansa na yanka a layin da ke ƙasa, wannan kuma tsakaninsa ne da yatsunsa. Wane mai hankali zai ɗora wa Ma'aji laifin abin da aka kawo masa ajiya?

Kada wani ya ce an hana gogewa. Ƙarya ne, ƙofa a buɗe take. Duk mai son share abin da ya rubuta yana da cikakken 'yanci ya bi saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, ya latsa, a tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata, ya wuce na gaba. Wanda ya shekara bakwai yana surutu ya sami aikin da zai raba shi da zaman banza, ya kuma sami damar karanta kowace wauta tasa kafin ya yi bankwana da ita, abin da malamai ke kira muhasaba. Maɓalli guda mai share komai lokaci ɗaya kuwa, ai lalata tarbiyya ne, shi ya sa ba ka ƙera shi ba. Masu gajen haƙuri da ke ɗauko 'yar manhaja ta yi musu aikin a madadinsu, dokar fada ta haramta sarrafa asusun mutum ta wannan hanya, kuma hukuncin na iya kaiwa ga kora. Korarre kuma ya huta, don ba shi da sauran hanyar komawa ya taɓa ajiyarsa.

Mai arziki ba ya rasa mahassada, naka kuwa daga Faransa suka ɓullo. A Nuwamba 2022 hukumarsu ta kare bayanan jama'a, CNIL, ta ci ka tarar Yuro 800,000. Ku saurari laifuffukan, jama'a, ku ji ƙarfin hali. Wai ba ka da rubutacciyar ƙa'ida kan tsawon lokacin ajiya, kamar abada tana buƙatar takarda. Wai sun tarar da asusun Faransawa 2,474,000 da masu su suka yi fiye da shekara uku ba su leƙa ba, da wasu 58,000 da suka haura shekara biyar, duk kana riƙe da su. A garin da ake da kunya wannan lambar yabo ake ba mutum: an manta da kai, kai ba ka manta da kowa ba. Wai kana karɓar kalmar sirri mai harafi shida kacal, alhali sauƙaƙa wa talaka ne. Mafi ban mamaki, wai idan mutum yana zauren murya ya latsa alamar rufewa a kwamfutarsa, manhajar ba ta rufuwa, sai ta koma gefe ta yi shiru, shi ya tashi ya shiga sabgar gidansa, abokan zaure suna ci gaba da jin sa. Wannan zumunci ne da ba ya yankewa da sallama, amma Bafaranshe ya kira shi keta haddi. Da yake babba juji ne, ka haɗiye, ka gyara musu, har ka rubuta cewa asusun da ya shekara biyu a kwance za a share shi. Mun kuma riga mun ga yadda sharewa take a wannan gida mai albarka.

Fadawanka suna da hujja, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa in ba a ajiye hira ba, da me za a kama mai cin zalin yara, da mai barazanar kisa, da mai yaudarar ƙananan 'yan mata? In kowa ya fice da maganarsa, hirar sauran jama'a ba za ta zama kamar zancen mahaukata ba? Haka ne, wallahi. Shi ya sa muke kallon maƙwabtanka da tausayi. Dubi Epic Games, masu Fortnite, da suka kawo tsarin kai ƙarar murya a ƙarshen 2023: minti biyar na ƙarshe kaɗai ake riƙewa, a kan na'urar 'yan wasan ma, sabo na shigowa tsoho na gogewa, ba ya isa hannun kamfani sai an kai ƙara, bayan kwana 14 kuma a share, sai fa in akwai hukunci ko ɗaukaka ƙara. Xbox su kuma daƙiƙa 60 suka ware wa mai ƙara. Wannan wace irin rowa ce? Su a tunaninsu shaidar laifi ita ce abin da ya faru lokacin laifin. Ba su kai ga zurfin iliminka ba, cewa kafin a kama azzalumi guda dole a adana barkwancin mutum miliyan ɗari na shekara goma, ko da wata rana.

Microsoft dai ta ɗan taɓa bin sahunka. Daga 2015 zuwa 2020 ta riƙe bayanan yaran da suka fara buɗe asusun Xbox iyayensu ba su kammala ba, har hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta karɓi Dala miliyan 20 a hannunta a 2023. Amma da aka tambaye ta sai ta ce tangarɗar na'ura ce, ƙa'idarta kwana 14 ce. Alheri ya fito ta hannunta, ta ce kuskure ne. Ina za a haɗa ta da mai yi da niyya?

Wani abin da ke ƙara maka kwarjini shi ne kamun kai. Matashin sojan nan na rundunar sama ta jihar Masacusets, Jack Teixeira, ya yi watanni yana zuba asiran sojan Amurka a wani ɗan zaure na abokan wasansa, tun daga 2022 har asiri ya tonu a Afrilu 2023, aka ɗaure shi shekara 15 a Nuwamba 2024. Duk tsawon watannin nan takardun suna cikin rumbunka, lafiya lau, ba ƙura ba gara. Ma'aji na gari ba ya kwance ƙullin da aka ba shi.

To, ga karamci. A Disamba 2013 takardun Edward Snowden suka nuna irin wahalar da 'yan leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka sha a World of Warcraft da Second Life: manyan ma'aikata da iyali suna shiga wasa da siffofin dodanni don su saurari hirar jama'a, suka yi yawa har sai da aka nemi hanyar hana su leƙen juna. Zamaninka ya ɗauke wa bayin Allah wannan dawainiya. A Afrilu 2024 aka gano wani shago a intanet mai suna Spy.pet, wanda ya tura asusun bogi suka zauna shiru a zauruka sama da 14,000 na jama'a, suka kwafe saƙonni fiye da biliyan 4 na mutane wajen miliyan 620. Da abin da bai wuce Dala 5 ba, tsohon saurayi mai ciwon zuciya ko abokin gaba mai haƙuri zai iya neman mutum, ya ga zaurukan da yake shiga da abin da ya faɗa a cikinsu. Shagon har da wurin latsawa ga mai son a cire bayanansa, wanda ke kai shi ga hoton bidiyon wani mutum yana tuntsira dariya. Da labari ya fito a jaridu ka fusata, fushi irin na manya, ka kori asusun, shagon ya rufe. Ba wanda zai ce ka yi gaggawa.

Ilimi ma ya sha daga wannan korama. A 2025 masu bincike na Jami'ar Tarayya ta Minas Gerais a Birazil suka fitar da tarin saƙonni sama da biliyan 2 daga zauruka 3,167 na jama'a, tun daga 2015 har 2024, suka ajiye wa duniya ta ɗiba. Sun ce sun sakaya sunaye, kamar yadda suka gani a wurin babban malami. Ka duba albarkar tanadi: da ka bi ra'ayin masu cewa a share hira bayan wata shida, da me waɗannan ɗalibai za su rubuta takarda?

A Satumba 2024 ka sanar da cewa kiran murya da na bidiyo za su sami kulle irin wanda ba mai buɗewa sai masu maganar, kai kanka ba ka da mabuɗi. Rubutattun saƙonni kuwa ka ce ba za a kulle su haka ba, saboda tsaron jama'a. Masana sun jinjina wa wannan rabo. Abin da ke wucewa da kansa an sa masa kwaɗo, abin da ke zama har abada an bar shi yana shan iska.

Saura abu guda da ya rage wa rumbu, wato fuska. Zance ba fuska ai rabin tarihi ne. Allah da ikonsa, dokokin tantance shekaru suka zo, irin wadda ta fara aiki a Birtaniya a Yuli 2025, aka fara tambayar mutane shaidar cewa sun balaga. Wanda aka yi wa kuskuren ɗauka yaro ne, sai ya aika hoton fasfo ko lasin tuƙi zuwa sashen koke-koke. A Oktoba 2025 ka sanar, cikin natsuwar da aka san ka da ita, cewa ɓarayi sun shiga ta wajen wani kamfani da ka ba kwangilar wannan sashe, kuma hotunan katin shaida na mutane kimanin 70,000 na iya kasancewa a hannunsu. Ka yi bayani dalla-dalla cewa ba gidanka aka fasa ba, gidan ɗan kwangila ne, wanda tabbas ya sanyaya zuciyar duk wanda fasfonsa ke yawo. Ɓarayin suka nemi kuɗin fansa, ka ce ko sisi, don namiji ba ya ciniki da ɓarawo a kan fasfon wani. Sannan ka aika wa kowane ɗaya daga cikin mutanen wasiƙa ta imel, kyauta, kana ba shi shawara ya riƙa lura da saƙonnin da ba ya yarda da su.